Tsofaffin Mujallun Jirgin Ƙasa: A Ajiye, A Kyautar, Ko A Zubar?

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai wata damuwa da kan sami dattawa da yawa in shekaru suka ja, wadda wanda bai san al'adar wurin ba zai ɗauka abin dariya ce. Mutum ne zai yi shekara 40 ko 50 yana karɓar mujalla kowane wata, in ya karanta ya ɗora ta bisa 'yar'uwarta, har ɗakin ƙarƙashin gidansa ya cika da kwalaye. Ran nan sai likita ya ce masa hawa da saukar matakala ya isa haka nan, ko kuwa 'ya'ya su matsa masa ya koma ƙaramin gida kusa da su. A nan ne zai tsaya ya dubi tulin takardun nan ya rasa ta cewa. Mujalla 12 a shekara, shekara 40 ta ba da 480 ke nan, wannan ma in iri ɗaya kaɗai yake saye, alhali kuwa da yawansu iri biyu ko uku suke karɓa. Sabon gidan ba shi da wurinsu, 'ya'yan ba su da sha'awarsu, shi kuwa zuciyarsa ba ta yarda ya ga an loda su a motar shara ba. To, yaya za a yi da su?

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a san irin mujallun da ake magana a kai. Na masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa ne na kwaikwayo. Kada mai karatu ya zaci wasan yara ne kurum irin motar kara ko ta gwangwani, ko da yake tushen sha'awar ɗaya ne. Manyan mutane ne, har da likitoci da malamai da tsofaffin ma'aikatan reluwe, ke keɓe ɗaki guda a gida su shimfiɗa ƙaramin layin dogo bisa teburori, su gina masa tasha da gada da duwatsu da ƙauyuka, sa'an nan su sa jirgi ya yi ta zagayawa da ƙarfin lantarki. Komai kuwa bisa ma'auni ake yinsa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Amurka da Jamus shi ne wanda ake kira HO, watau a rage girman abu sau 87, har taragon da tsawonsa ya kai ƙafa 40 ya dawo inci biyar da rabi. Mutanen Ingila sun fi son OO, wanda ke rage abu sau 76. Tun a 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ake kira NMRA, domin a daidaita ma'auni yadda taragon wannan kamfani zai hau layin wancan ba tare da matsala ba.

Sana'a irin wannan ba ta yiwuwa sai da malami, malamin kuwa mujalla ce. A watan Janairu na 1934 wani matashi mai maɗaba'a a birnin Milwaukee, ana kiransa Al Kalmbach, ya fitar da mujallar Model Railroader, bugun farkon ma bai kai kofe 300 ba. Wata bayan wata ta yi ta fita, har a watan Afrilu na 2017 ta kai fitowa ta 1,000. Abokiyar gasarta, Railroad Model Craftsman, ta riga ta da kaɗan, domin a 1933 ta soma. A Ingila kuma akwai Railway Modeller, wadda ta fara fita a 1949. A cikinsu ne mutum ke koyon yadda zai haɗa waya, da yadda zai kwaɓa farar ƙasa ta zama dutse, da yadda zai shafa wa sabon tarago fenti ya yi kama da wanda ya sha rana da hayaƙi shekara da shekaru. Saboda haka dattijon da ke duban kwalayensa ba takarda kaɗai yake gani ba. Makarantarsa ce, kuma kowace fitowa tana tuna masa da wani lokaci na rayuwarsa.

Abu na farko da ya kamata ya sani, ko da zai yi masa ɗaci, shi ne ba za su kawo masa kuɗin kirki ba. Mutane da yawa suna zaton duk abin da ya tsufa ya yi tsada, amma ba tsufa ke sa abu tsada ba, ƙarancinsa ne tare da yawan masu nema. Waɗannan mujallu kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dubbai ake bugawa kowane wata, kuma masu sayensu mutane ne masu son ajiya, ba su cika zubarwa ba. Ga shi yanzu tsararrakin nan duk sun tsufa tare, suna neman rabuwa da kayansu a lokaci guda. Kasuwa ta cika da masu sayarwa, masu saye kuwa 'yan kaɗan. Wanda ya je irin baje kolin da masu wannan sha'awa ke yi a ƙarshen mako zai ga kwalayen mujallu a ƙarƙashin tebur ana sayarwa da arhar banza, in yamma ta yi ma sai a ce kowa ya ɗiba kyauta, don mai su ba ya son ya sake loda su a mota.

Daɗa ga nauyi. Takarda mai sheƙi tana da nauyin gaske, kwali guda in ya cika sai mai ƙarfi. Wanda ya yi niyyar sayarwa ta intanet, a kasuwa irin eBay, zai tarar sau da yawa kuɗin aikawa ya fi kuɗin kayan. Gidan waya na Amurka yana da wani rangwame da yake yi wa masu aika littattafai, amma dokarsa ta fitar da duk abin da ke ɗauke da talla, mujallun nan kuwa cike suke da talla. Bugu da ƙari, wani sashe mai yawa na abin da ke cikinsu zamani ya wuce shi. Tallace-tallacen na kamfanonin da da yawansu sun rufe ne. Dabarun haɗa waya na da su ma sun zama tsohon yayi, tun da a shekarun 1990 aka daidaita wata sabuwar hanya, wadda ake kira DCC, inda ake sa wa kowane kan jirgi 'yar na'ura a ciki, ana ba shi umarni shi kaɗai ko da jirage da yawa na bisa layi ɗaya.

To, in haka ne, sai a kwashe a kai bola ke nan? A'a, ba a yi gaggawa ba tukuna, domin da tsohuwar zuma ake magani. Akwai abin da ke cikin mujallun nan wanda ba ya tsufa. Babbansa shi ne zane-zanen da aka yi bisa awo. Marubutan da sukan je da kansu har tasha, da abin awo da kyamara, su auna kan jirgi ko tarago ko gada ko ɗakin mai ba da hannu, su zana komai daidai, don mai ƙira ya kwaikwaya. Yawancin abubuwan da suka auna babu su yanzu. Manyan kamfanonin reluwe na Amurka sun daina aiki da jirgi mai kwal wajen 1960, na Ingila kuma a watan Agusta na 1968, aka yanka mafi yawan injunan aka narkar. Rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe layuka da tashoshi masu yawa a Birtaniya, aka rushe gine-gine da dama. Saboda haka akwai ƙaramar tashar da ba abin da ya rage nata a duniya sai 'yan hotuna da zanen da wani mai sha'awa ya aika wa mujalla. Irin wannan shafi ya wuce zancen wasa, ya zama shaidar tarihi.

Labarin John Allen ya isa misali. Mai ɗaukar hoto ne a garin Monterey na jihar Kalifoniya, kuma ana lissafa shi cikin gwanayen da ba a taɓa yin kamarsu ba a wannan fage. Ya yi kusan shekara 20 yana gina wani layi a ƙarƙashin gidansa, mai suna Gorre and Daphetid, da duwatsun da suka taso tun daga daɓe har suka fi tsayin mutum, da gadoji bisa gadoji. A watan Janairu na 1973 ya rasu, kwana goma bayan haka gobara ta tashi a gidan ta cinye aikin. Abin da ya sa har yau matasan da ba a haife su ba a lokacin suke sanin aikinsa, suna koyi da shi, shi ne hotuna da bayanan da ya yi ta aika wa mujallu tun daga shekarun 1940, da kuma littafin da Linn Westcott, tsohon editan Model Railroader, ya rubuta a kansa, wanda ya fito a 1981. Katako da farar ƙasa sun ƙone, takarda ce ta tsira, domin tana warwatse a gidaje dubbai.

Wani zai ce ai an riga an magance wannan, tun da an ɗauki hoton shafukan duka an zuba a kwamfuta. Gaskiya ne an yi haka. Kamfanin Kalmbach ya taɓa tara fitowar shekara 75, daga 1934 zuwa 2009, a faifan kwamfuta ya sayar, daga baya kuma aka ɗora tsofaffin fitowar a intanet ga wanda ya biya kuɗin rajista. Wannan abu ya sauƙaƙa bincike ƙwarai, kuma shi ne ma ya ƙara karya darajar ta takarda a kasuwa. Amma fa kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ke intanet a hannun kamfani yake, ran da mutum ya daina biya an rufe masa ƙofa, kamfani kuma ba ya dawwama. Kamfanin Carstens, wanda ya daɗe yana buga Railroad Model Craftsman, ya rufe a 2014, sai da wani kamfani, White River Productions, ya saye mujallar sa'an nan ta ci gaba. Kalmbach kansa, bayan shekara 90, ya sayar da Model Railroader ga kamfanin Firecrown a 2024. Faifan ma ba tabbas gare shi ba, domin kwamfutocin yanzu da yawa ba su da wurin sa shi. Takardar 1950 kuwa ba ta bukatar komai sai ido da haske. Abin da wannan ke nunawa shi ne lalle ne a sami inda ake adana na takarda. Sai dai ba a ce kowane gida ya zama ma'ajiya ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mai su ya zauna ya kasa su kashi uku, da natsuwa, ko da zai ɗauke shi makonni.

Kashi na farko shi ne abin da ba a samunsa da sauƙi. A nan ne fitowar shekarun 1930 za su shiga, lokacin da kaɗan ake bugawa, da na lokacin yaƙi, sa'ad da takarda ta yi wuya, ana bi gida gida ana tattara tsofaffi don a sake sarrafa su. A nan kuma za a sa mujallun da suka mutu, irin Model Railway Constructor ta Ingila, wadda ta fita daga 1934 zuwa 1987, domin wadda ba ta da mai ita a raye ita ce ta fi saurin ɓacewa. Haka nan 'yan jaridun da ƙananan ƙungiyoyi ke bugawa don mambobinsu kaɗai, da kundin kayan kamfanonin da suka rufe. Abin mamaki, waɗannan da ba su da sheƙi, waɗanda magaji zai fara jefarwa, su ne manyan ɗakunan karatu suka fi bukata. Wurare irin gidan tarihin reluwe na birnin York a Ingila, wanda aka buɗe a 1975, da na birnin Sacramento a Kalifoniya, suna da ɗakunan karatu na musamman kan jirgin ƙasa, amma irin waɗannan wurare akasari sun riga sun mallaki manyan mujallu. Don haka kada mutum ya loda kwalaye ya kai musu ba sanarwa. Ya rubuta jerin abin da yake da shi, da suna da shekara da wata, ya aika ya tambaya. Kyautar da ba a nema ba wani lokaci ɗawainiya ce ga wanda aka bai wa.

Kashi na biyu shi ne abin da shi kansa yake amfani da shi, ko yake da wata alaƙa da shi, kamar fitowar da aka buga wasiƙarsa, ko wadda mahaifinsa ya fara saya masa. A nan sai ya yi wa kansa gaskiya. Mujallar da ya yi shekara goma bai buɗe ba, da wuya ya buɗe ta nan gaba. Waɗansu sukan yanke shafukan da suke so, su jera a fayil bisa batu, gada daban, tasha daban, tarago daban, su rubuta wata da shekara a kan kowane shafi. Ta haka kwali goma kan dawo fayil uku ko huɗu. Wannan dabara ba laifi ga mujallun da suka yi yawa a kasuwa, amma kada almakashi ya kusanci na kashin farko, domin mujallar da aka yanka ta tashi daga aiki ga ɗakin karatu. Wanda kuma ya ɗauki hoton shafuka da wayarsa ya tuna da haƙƙin mallaka, kada ya watsa su ga jama'a ba da izinin masu su ba.

Abin da aka yanke shawarar ajiyewa kuwa, a ajiye shi da kyau. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda aka saba jibge su, shi ne mafi munin wuri saboda laima, rufin ɗaki kuma zafi ne ke gasa takarda har ta yi ja ta riƙa karyewa. Wuri mai sanyi, busasshe, wanda rana ba ta bugu, shi ake so. A ɗaga kwali daga ƙasa, kada a ɗaure da roba, kada a liƙe yagewa da salatif, domin gam ɗinsa kan bar tabo. A riƙa duba 'yan ƙarfen da aka ɗinke tsakiya da su, in sun fara tsatsa a cire. Wadda fumfuna ta riga ta kama, a raba ta da sauran nan da nan.

Kashi na uku, wanda shi ne mafi yawa, na kyauta ne. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awa sukan karɓa su ajiye a ɗakin taronsu, ko su raba wa sababbin shiga da yaran da suka zo kallo. A Birtaniya akwai tsofaffin layukan da 'yan sa-kai suka farfaɗo da su suke gudanarwa, irin layin Bluebell da aka buɗe a 1960, kuma da yawa daga irinsu suna sayar da tsofaffin littattafai da mujallun da aka ba su kyauta, su sa kuɗin cikin gyaran injuna. Ga makarantu, ga gidajen kula da tsofaffi, inda tsohon direban jirgi zai yini yana duba hotuna. Gara a bayar kaɗan kaɗan, shekara guda ga wannan, shekara guda ga wancan, da a nemi mutum ɗaya da zai kwashe duka, domin shi ma nauyin ne zai koma kansa. Sai dai in yaro za a ba, a haɗa masa da gargaɗi. Waɗansu tsofaffin shafuka suna koyar da kwaɓa garin asbestos don yin duwatsu, da goge layi da wani sinadari da ake kira carbon tetrachloride. A lokacin ba a ɗauke su komai ba, amma yanzu an tabbatar ƙurar na farkon tana jawo ciwon daji a huhu, na biyun kuma yana lalata hanta.

In an yi duk wannan aka ga saura, to, a kai wa masu sake sarrafa takarda, ba tare da jin kunya ko nadama ba. Mujallar da aka karanta, aka koyi abu a cikinta, aka yi aiki da shi, ta gama abin da aka buga ta dominsa. Fitowar da ke da dubban 'yan'uwa a wasu gidaje, ɓatan kofe ɗaya ba zai rage wa duniya komai ba.

Babban abin dai shi ne lokaci. Mai su ne kaɗai ya san wacce ce ta kashin farko, wacce ce ta uku. In ya yi ta jinkiri har ta Allah ta kasance, aikin zai faɗa kan matarsa ko 'ya'yansa, suna cikin juyayi, ga gida ana son a sayar, ba su san bambancin fitowar 1936 da ta 1996 ba. A irin wannan hali abu biyu ne kan faru: ko su zubar da duka rana ɗaya, mai daraja da marar daraja, ko su riƙe duka don kunyar mamaci, su yi ta jigila da kwalayen da ba wanda zai buɗe. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda ya raba kayansa da hannunsa yana da rai, ya ga murnar yaron da ya karɓa, ya kuma bar 'yar takarda da ke bayyana inda za a kai ragowar, ya sauke wa iyalinsa nauyi.

Mai karatu a Nijeriya yana iya cewa wannan damuwar Turawa ce, amma ma'aunin da aka yi amfani da shi yana aiki ko'ina, sai dai amsar da zai bayar a nan daban ce. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairu na 1939, shekara biyar kacal bayan Model Railroader. Can ajiya ce ta yi yawa har ta karya darajar kaya, nan kuwa gara da damina da masu ƙosai da masu tsire ba su cika barin takarda ta tsufa ba. Saboda haka wanda ya buɗe adakar mahaifinsa ya tarar da tsofaffin jaridu ko mujallun Hausa, ko jadawalin jirgin ƙasa na da, ya san mai yiwuwa abin da ke hannunsa na kashin farko ne. Kafin ya miƙa wa mai shayi, ya tuntuɓi wuri irin Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya ji ko suna bukata.